Maganin Nan Halal Ne? Tarihin Wata Tsohuwar Tambaya



A watannin baya wani saƙon murya ya yi ta zagaya wayoyinmu a WhatsApp. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya yi karatu ba, amma ya rantse ya maya cewa duk wani kafso da ke kemis da fatar alade aka yi shi, allurar ciwon suga kuma daga cikin alade ake tatso ta. Kafin mako ya zagayo wani dattijo a layinmu ya ajiye allurarsa ba tare da ya gaya wa kowa ba. A dare na uku sai da aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Allah Ya yi da sauran kwana. Da ya farfaɗo ɗansa ya ce, "Baba, me ya sa ka yi mana haka?" Sai ya ce, "Ɗana, gara in koma ga Ubangijina da tsarkina."

Ba mu yi wa dattijon nan dariya ba, don tsoron Allah ne ya sa shi, kuma tambayar da ta dame shi tambaya ce ta gaskiya. Abin da ya rasa shi ne amsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu koma baya mu bi sawun wannan tambaya: yadda iyayenmu suka amsa ta, abin da littattafan malamai suka ce, abin da dokar ƙasa ta ce, da inda hatimin nan na "halal" ya samo asali.

Zamanin da mutum ne hatimi

An kafa Sabon Ibadan a 1916, shekaru kaɗan bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano. Shanu na gangarowa daga Arewa, goro na haurawa. Duk wannan ciniki a kan amana ya tsaya. Bafatake ya kawo shanunsa ya sauka a gidan maigida, maigida ya sa dillalinsa ya sayar wa mahauta Yarabawa bashi, kuma shi maigidan ne lamuni. In kuɗi suka maƙale, shi za a riƙe. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 yana bayanin wannan tsari. Ba takarda, ba tambari. Sunan mutum da mutuncinsa su ne takardar shaida.

Haka nama yake. Mai sayen nama ya san wanda ya yanka, ya san yana salla, ya san ya ambaci sunan Allah. Haka ma magani. Wanzami kowa ya san gidansu da kakansa. Malamin da ke ba da rubutu a gabanka yake wanke allo. 'Yar mai ganye za ta ce maka wannan sassaƙen marke ne, wannan saiwar sanya ce, wannan ganyen sabara ne, ka je ka jiƙa da jar kanwa. Kana ganin abin da za ka sha da idonka.

Wuri ɗaya ne tambaya ta riƙa tasowa tun a wancan lokaci, wato agbo na maƙwabtanmu Yarabawa. Wani agbon da ruwa ake dafa shi, wani kuma a cikin ogogoro ake tsima shi. Iyayenmu ba su ƙi agbo ɗungurum ba. Sukan tambayi mai sayarwa, "Iya, na ruwa ne ko na giya?" In ta ce na ruwa ne, kuma an san ta da gaskiya, shi ke nan. Ashe ke nan tantance halaccin magani ba baƙon abu ba ne a Sabo. Da baki ake yin sa, tsakanin mutum biyu da suka san juna.

Abin da littattafai suka ce

Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta kan Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda aka rubuta fiye da shekara dubu da suka wuce. A ƙarshe-ƙarshenta akwai babin da ya yi magana a kan magani. Ya halatta neman magani, ya kuma hana yin sa da giya, da najasa, da mushe, da duk abin da Allah Ya haramta. A Sahihu Muslim ma akwai hadisin sahabin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da haɗa giya don magani, aka nuna masa cewa ita kanta cuta ce. Wannan shi ne asali, kuma da shi dattijonmu ya yi riƙo.

To amma malamai ba a nan suka tsaya ba. Akwai ƙa'idoji biyu da suke tafiya tare da wannan asali. Ta farko ita ce larura. Aya ta 173 a Suratul Baƙara, wadda ta haramta mushe da jini da naman alade, ita ce kuma ta ɗauke laifi daga wanda ya matsu, matuƙar ba da son rai ya yi ba kuma bai ƙetare iyaka ba. Daga nan fuƙaha'u suka fitar da cewa larura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta. Ta biyu ita ce istihala, wato abu ya rikiɗe daga asalinsa ya zama wani abu daban, da wani suna da wata siffa. Misalin da ake bayarwa shi ne giya in ta juye ta zama khal, da kuma almiski, wanda asalinsa daga jikin wata barewa yake amma ya zama turaren da ake shafawa a tafi masallaci. Malaman Hanafiyya da Malikiyya sun fi faɗaɗa wannan ƙa'ida. Malaman Shafi'iyya sun taƙaita ta ga wurare ƙalilan. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Shugabannin jihadin Sakkwato ma ba su ɗauki magani da wasa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ɗibbu, har da littafi sukutum a kan basir. Da Baturen nan Clapperton ya ziyarce shi a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita daga Ingila. Ɗan Shehu ke nan, bai ga laifin karɓar ilimin magani daga wanda ba Musulmi ba.

Zuwan maganin Bature

Abin da ya canja da zuwan Turawa shi ne nisa. Magani ya daina fitowa daga dajin bayan gari, ya koma fitowa daga masana'antar da ba wanda ya taɓa gani. An buɗe asibitin koyarwa na UCH a nan Ibadan a 1957, kemis-kemis suka yawaita, 'yan tallan ƙwaya suka shiga tashoshin mota. Mutum ya haɗiyi abin da bai san da me aka yi shi ba.

Kuma gaskiya ne, alade yana cikin tarihin wasu magunguna. An gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa mutum allurarsa a 1922, kuma shekaru 60 daga jikin shanu da aladu ake tatso shi. Amma a 1982 aka fito da insulin irin na ɗan Adam, wanda ake sarrafawa ta hanyar ƙananan halittu a ɗakin gwaji. Shi ne yau ya mamaye kasuwa. Wato mai saƙon muryar nan labarin da ya kwana fiye da shekara 40 yake yaɗawa kamar na jiya.

Kwanson kafso kuwa da jelatin ake yin mafi yawansa. Jelatin daga fata da ƙashi ake fitar da shi, na shanu ko na alade ko na kifi, bayan an jiƙa an dafa an tace. Akwai kuma kwanson da ake yi da sinadarin tsirrai. Hefarin, allurar da ke hana jini daskarewa, wadda masu wankin ƙoda da masu tiyatar zuciya ba sa rabuwa da ita, har yau mafi yawanta daga hanjin alade ake samu. Wasu magungunan ruwa kuma ana sa musu ɗan barasa don ta narkar da sinadarin ko ta hana shi lalacewa. Waɗannan su ne wuraren da tambaya take da gaske.

Dokar ƙasa da abin da ya haife ta

Gwamnati ba ta shiga harkar magani ta ƙofar halal da haram ba, ta ƙofar mutuwa ta shiga. A 1990 yara 109 suka rasu a nan Ibadan da Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai guba mai kashe ƙoda. Wannan musiba na cikin abubuwan da suka sa gwamnatin soja ta kafa hukumar NAFDAC da doka mai lamba 15 ta 1993. Daga 2001 zuwa 2008 marigayiya Dora Akunyili ta riƙe hukumar, ta ƙona jabun magunguna, ta rufe manyan kasuwannin ƙwaya, har aka kai mata hari da bindiga. Duk da haka a 2008 irin wannan guba ta sake bayyana a maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka mutu.

Lambar NAFDAC da ke jikin kwali tana nufin hukumar ta duba maganin ta fuskar inganci da rashin cutarwa, ta san wanda ya yi shi da wanda ya shigo da shi. Ba ta nufin wani malami ya duba shi. Magungunan gargajiya kuma, irin waɗanda lambarsu ke ƙarewa da harafin L, shaidar da aka ba su ita ce an gwada ba a ga guba ba. Ba a tabbatar suna warkar da cututtukan da aka jera a jikinsu ba.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa harkar magunguna da guba a cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Saboda haka ko a jihohi 12 na Arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'a bayan Zamfara ta fara a 1999, ba Hisba ce ke yi wa magani rajista ba, NAFDAC ce. Balle mu nan Kudu maso Yamma, inda babu kotun shari'a ta gwamnati, sai kwamitocin sulhu masu zaman kansu a masallatai. Babu dokar da ta wajabta wa kamfanin magani a Nijeriya ya nemi shaidar halal. Doka ta tsare maka lafiyar jikinka, ta bar maka kai da malaminka zancen halacci.

Shekaru biyu da suka ɓata amana

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Arewa, har Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin hajji a shekarar. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. A 2003, da Dokta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a ya ce ana zargin maganin rigakafin shan inna da sinadarin hana haihuwa, jama'a sun riga sun shirya yarda. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Mu ma nan Sabo mun ga iyaye mata na ɓoye yara a ɗaka in ma'aikata sun shigo layi. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar Musulmi. Daga baya a shekarar Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa ɗiyar Gwamna Ibrahim Shekarau maganin a bainar jama'a. Amma kafin nan cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka daɗe da rabuwa da ita, kuma yaran da suka shanye a lokacin suna nan tare da mu, sun zama magidanta a kan keken guragu. A 2013 aka harbe mata 9 masu aikin rigakafi a Kano. Sai a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar cutar, bayan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da sarakuna sun sa baki sosai.

Ku lura da abin da ya kashe wutar a 2004. Maganin Indunusiya da wanda aka ƙi duk aikinsu ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne hannun da ya miƙo. Jama'a maigida suke nema, wanda zai tsaya lamuni, kamar dai a cinikin shanu.

Inda hatimin ya fito

A lokacin da muke wannan dambarwa, malaman duniya suna can suna zama da likitoci. A 1995 Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta yi taro a Kuwait, aka yanke cewa jelatin da aka sarrafa daga ƙashi da fatar dabba mai najasa ya rikiɗe, ya halatta a ci. A 2001 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Gabas ta Tsakiya ya rarraba wannan matsaya ga ƙasashe. Sai dai majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1998, ta halatta jelatin na dabbar da aka yanka bisa shari'a, ta hana na alade. A 2002 wannan majalisa ta ce ba a shan giya zalla a matsayin magani, amma maganin da aka sa wa ɗan barasa kaɗan ya halatta in babu madadinsa kuma likita amintacce ne ya rubuta, haka nan shafa barasa a fata don kashe ƙwayoyin cuta. Saɓani ke nan na malamai masu hujja, kowane ɓangare ya san abin da yake faɗa.

Shi kuwa hatimin da kansa daga Gabas mai nisa ya yi ƙarfi. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya ta fitar da jagora kan amfani da kalmar halal a 1997. A 2010 ƙasashen ƙungiyar OIC, wadda Nijeriya ta shiga a 1986, suka kafa cibiyar daidaita ma'auni mai suna SMIIC a Istanbul. A 2012 Malesiya ta fitar da ma'auni mai lamba MS 2424, na farko a duniya da aka keɓe wa magungunan halal, hukumar addini ta gwamnati, JAKIM, ita ke ba da shaidar. Masu bincike sukan bi kowane sinadari har masana'antar da ya fito, su duba injinan ko ana haɗa su da kayan alade, su duba wurin ajiya da motar ɗauka. A 2014 Indunusiya ta yi doka mai lamba 33 da ta wajabta shaidar halal, ana aiwatar da ita mataki-mataki, abinci da farko, magunguna daga baya.

Waɗannan ƙasashe biyu Shafi'iyya suke bi, masu taƙaita istihala, shi ya sa ma'auninsu ya fi tsauri. Duk da haka ku ga yadda suke yi in rai na cikin haɗari. A 2018 majalisar malaman Indunusiya ta ce rigakafin ƙyanda da ake amfani da shi a ƙasar an taɓa shi da sinadarin alade wajen sarrafawa, amma ta halatta yin sa saboda larura da rashin madadi. A 2021 ta ce allurar korona ta Sinovac halal ce, ta AstraZeneca kuma ta halatta saboda larura. Ita AstraZeneca ɗin ce ta fara isowa Nijeriya ranar 2 ga Maris, 2021, kusan guda miliyan 4. Ko mafi tsananin masu ba da hatimi ba su taɓa cewa mara lafiya ya zauna ya mutu ba.

Inda muke yau

A Nijeriya akwai hukumomi masu zaman kansu da ke ba da shaidar halal, galibi ga kamfanonin abinci da na kayan shafa masu son fitar da kaya ƙasashen Larabawa da Asiya. A watan Satumba na 2024 ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya tara masu ruwa da tsaki a Abuja kan tattalin arzikin halal. Wasu 'yan uwanmu Kirista sun ɗaga murya, suna ganin wata hanya ce ta musuluntar da ƙasa. Mu da muke zaune cikin mutane mun san yadda irin wannan magana ke saurin kama wuta. Ya kamata mu iya bayani da hankali: hatimin halal bayani ne a jikin kwali, kamar yadda ake rubuta cewa abu yana da suga ko gyaɗa don masu ƙyamarsu. Ba ya tilasta wa kowa komai, kuma ba ya sa maganin ya fi wani aiki.

Sannan mu duba namu gida. Shagunan "Islamic Chemist" sun cika unguwanninmu, da zuma da habbatus sauda da man zaitun, da kwalabe masu rubutun Larabci da hoton Ka'aba. Akwai na kirki a cikinsu. Amma rubutun Larabci ba shaida ba ne, kalmar halal ma kowane mai injin buga takarda yana iya buga ta. In aka zuba wa garin maganin ƙarfin maza ko na sanyi ƙwayar Bature a ɓoye, aka sayar wa mai hawan jini, an yi algus, an kuma cutar da Musulmi, ko da ayoyi nawa aka rubuta a jikin robar.

Ga kuma kodin da taramol. Babu alade a cikinsu. Amma mun ga abin da suka yi wa samarinmu a tasha da bakin kasuwa, har da matan aure a cikin gidaje. A watan Mayu na 2018, bayan rahoton binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A nan dokar ƙasa da shari'a suka haɗu a wuri ɗaya, domin abin da ke gusar da hankali hukuncinsa sananne ne tun kafin a haifi NAFDAC. Abin mamaki, za ka ga yaro yana ƙyamar kafso don jelatin, alhali kwalbar sirof na cikin aljihunsa.

Abin da muke kira a kai

Na farko, kada kowa ya daina maganin da likita ya ɗora shi a kai saboda saƙon waya. Ya ci gaba da sha, ya tafi ya yi tambaya. Mai tambaya ba ya ɓata.

Na biyu, tambayar tana da gida biyu. Me ke cikin maganin, kuma yana da madadi? Wannan na likita ne da masanin harhaɗa magunguna mai lasisi, ba yaron kemis ba. Sau da yawa maganin da ke kafso yana da na ƙwaya ko na ruwa, mai barasa yana da marar barasa. In babu madadi, mene ne hukunci? Wannan na malami ne wanda ya karanci fiƙihu. Kowa ya tsaya a fagensa.

Na uku, a duba lambar NAFDAC da ranar da magani zai lalace. In akwai wurin kankarewa, a kankare a tura lambar ta waya, tsarin da hukumar ta fara tun 2010. Jabun magani ya kashe mana mutane fiye da yadda za mu iya ƙirgawa, kuma sayar da shi haramun ne ba tare da saɓani ba.

Na huɗu, muna roƙon Mai Martaba Sarkin Hausawa da limamanmu da 'ya'yanmu da suka karanci likitanci da harhaɗa magunguna su kafa ɗan ƙaramin zama, ko sau ɗaya a wata bayan sallar Juma'a, inda mai tambaya zai zo da kwalin maganinsa a duba masa. Kakanninmu sun riƙe cinikin dubban shanu da amanar maigida. Ba zai gagare mu mu samar wa tsofaffinmu wanda za su yarda da maganarsa a kan abin da suke haɗiya ba.

Dattijon layinmu ya koma kan allurarsa. Wata jikarsa da ke karatun aikin jinya ce ta karanta masa takardar cikin kwalin, limamin masallacinmu kuma ya zauna da shi ya yi masa bayanin larura da istihala. Yanzu shi ne ke tsayar da abokansa a majalisa in an kunna irin wannan saƙo, ya ce, "Wa ya faɗa? A ina ya yi karatu?"

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ciyar da mu halal, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.